Robar bodin a-kori-kura: sabuwa, 'yar Beljiyam, mai tauri ko yankan taya, wacce za ka ɗaura?

Duk mai a-kori-kura da yake shiga hanyoyin ƙauyukanmu da ita, Hilux ce ko L200 ko tsohuwar Nissan, akwai ranar da zai fara jin wata ƙara a ƙarƙashin kujera, gwaf gwaf, da zarar taya ta faɗa rami ko an hau gargada. Ni tawa ta fara ne ƙarshen daminar bara, lokacin muna kwaso shinkafa daga fadama muna kaiwa Gujungu ranar Lahadi, to da farko na ɗauka shokzoba ce na je aka canza na gaba guda biyu, ƙara tana nan, aka duba sifirin na baya aka ɗaɗɗaure, ƙara tana nan, har dai ta kai ƙofar direba sai na ɗan ɗaga ta da hannu kafin ta rufu. Wani dattijon bakanike ne a garinmu ya ce in ajiye motar a fili, ya ɗauko liba ya zura tsakanin shasi da kan motar ya ɗan danna, wallahi ina tsaye ina kallo kan motar ya ɗaga ya dawo kamar murfin tukunya. Ya ce Alhaji ba shokzoba ba ce, robar bodinka ce ta mutu. Na ce Baba wace roba kuma, ya ce durƙuso ka gani. Na durƙusa na leƙa, abin da ya kamata ya zama roba mai kauri ya koma kamar busasshiyar waina, ya tsattsage ta ko'ina, ɗaya ma babu ita sam sai ƙarfe a kan ƙarfe ya goge yana sheƙi.

Ga wanda bai san abin ba, irin waɗannan motocin ba kamar Golf ko Sharan ba ne da jikinsu yake a haɗe guda ɗaya. Hilux tun da Toyota ta fara yin ta a 1968 har zuwa Vigo da Revo, shasi daban ne kan mota daban, inji da giya da sifirin duk a kan shasi suke, shi kuma kan motar da kake zaune a ciki ɗora shi aka yi a sama aka ɗaure da dogayen ƙusoshi masu noti, a kowane wajen ɗauri akwai roba biyu, ta sama da ta ƙasa, da ɗan bututun ƙarfe a tsakiya da ƙusar take bi ta ciki, da wasu faffaɗan washa. Yawanci wajen ɗaurin shida ne ko takwas, ya danganta da motar, mai ƙofa biyu ce ko mai huɗu. Makanikai wasu su ce bodi mauntin wasu su ce kushin bodi, ni dai robar bodi nake cewa. Aikinta shi ne ta shanye girgiza, kuma ta bar shasi ya ɗan murɗa in an shiga kwazazzabo ba tare da ya murɗe kan motar ba.

Kuma kar ka raina ta don ƙarama ce. Lagireto a jikin bodi yake, fanka kuma a jikin inji, kenan in roba ta zauna bodi ya sauko, fanka na iya fara taɓa murfinta. Sitiyari daga bodi ya fito ya je ya haɗu da abin da ke kan shasi, tulun man birki a bodi yake bututansa sun gangara shasi, sandar giya ta ratso ta ramin da ke daɓen motar, duk waɗannan an auna su ne da tsayin lafiyayyar roba. Shi ya sa za ka ga motar da robarta ta mutu ƙofa ba ta rufuwa daidai, layin kan mota da na bodin baya sun saɓa in ka tsaya daga gefe ka duba, sandar giya tana dukan gefen raminta, in aka daɗe ba a gyara ba daɓen ya fara tsagewa wajen ƙusa, wani ma gilashin gaba ne zai tsage ba tare da dutse ya same shi ba.

To da na tashi canzawa sai na tarar zaɓi huɗu ne a gabana, kuma kowanne akwai masu rantsuwa da shi.

Na fara da yankan taya tunda shi ne ya fi kusa da mu kuma shi aka fi sakawa a ƙauye. Ka je wajen masu yanka tsohuwar taya a kasuwa, waɗanda suke yin igiyar roba da takalmi da guga, ka ba su tsohuwar robar su yanko maka daidai faɗinta daga tayar babbar mota su huda tsakiya. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, a yini ɗaya an gama, kuma gaskiya ba zan zagi wanda ya saka ba domin in kana tsakiyar kaka, tumatir na jiran a kai shi Kwanar Gafan ko an yi cinikin dabbobi a Maigatari ranar Alhamis ana jiran mota, ba za ka ajiye mota kwana uku kana jiran saƙo daga Kano ba, da babu gara ba daɗi. Ni ma shi na fara sakawa a gefen direba don in ƙarasa aikin shinkafa. Amma ga abin da na gani da idona. Ita taya ba don wannan aikin aka yi ta ba, akwai zare da waya a cikinta, ba ta lotsawa yadda robar bodi take lotsawa, don haka ƙarar ta tafi amma girgiza ta ƙaru, kana jin injin a tafin ƙafarka. Na biyu, yanka da wuƙa ne ba da inji ba, kaurin ba ya zuwa ɗaya, sai an jera biyu ko uku kafin a kai tsayin da ake so, to jerin nan yana zamewa, bayan 'yan makonni noti ya saki. Na uku wanda ya fi damuna, masu sakawa da yawa suna jefar da ɗan bututun ƙarfen nan na tsakiya su ce ba shi da amfani, alhali shi ne yake tsayar da ƙusa a daidai inda ya kamata ta tsaya, in babu shi ko dai a ɗaure har a murƙushe robar ko a bari sako-sako ƙusa ta riƙa cin ramin shasi tana faɗaɗa shi. In dole ta sa za ka saka yankan taya, don Allah a mayar da bututun, a auna kaurin dama da hagu su zo ɗaya, kuma ka ɗauke shi a matsayin abin da zai kai ka ƙarshen kaka, ba gyara ba.

Sai 'yar Beljiyam, wato wadda aka ciro daga motar da aka farfasa a waje ko a nan gida. A Ƙofar Ruwa za ka same ta, wani lokaci har da ƙusarta da washa a haɗe, kuma hujjar masu sonta ita ce asalin ta kamfani ce, ba jabu ba. Wannan gaskiya ne. A inji ko giya ko ƙofa ni ma ɗan Beljiyam nake nema. Amma roba ba ƙarfe ba ce, roba tana tsufa ko ana amfani da ita ko tana ajiye, robar da ta yi shekara goma sha biyar ɗauke da kan mota ta riga ta zauna, ta bushe daga ciki, ka kawo ta nan ka haɗa ta da zafin watan Afrilu na Jigawa da yake haura digiri 40, ka haɗa mata da gargada da lodi, ba za ta yi nisa ba. Kuma akwai wani abu da mutane ba sa lura da shi, a ƙasashen Turai da Amurka ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan yana cin ƙarfen ƙarƙashin mota, shi ya sa za ka ga bututun cikin robar ya kumbura da tsatsa ya manne da ƙusa, daga waje kuma an wanke an shafa mai tana ƙyalli. In za ka saya, ka riƙe ta a hannu ka lanƙwasa bakinta da ƙarfi a cikin rana, in ka ga ƙananan tsaga sun buɗe kamar faso a dunduniya ka ajiye, ka jera ta dama da ta hagu a kan tebur ka ga ko tsayinsu ɗaya, ka leƙa cikin bututun. Inda nake ganin 'yar Beljiyam ta yi rana shi ne a tsofaffin motoci irin masu injin 22R ko tsohuwar Nissan da samun sabuwar robarsu yake wahala, da kuma in ƙusa da washa da bututu kake nema ba robar kanta ba, nan kam ba ta da na biyu.

Sabuwar roba kuma kashi-kashi ce, kuma a nan ne aka fi cutar mutane. Akwai ta kamfani wadda ake nemowa da lambar shasin motarka, ita ce ta fi tsada nesa ba kusa ba, amma tsayinta da laushinta daidai ne da yadda aka auna motar, ka saka ka manta da ita shekaru. Akwai ta kamfanonin da sana'arsu ke nan yin robar mota, irin RBI ta Tailan da makamantansu, kuɗinta tsaka-tsaki ne kuma mai kyau a cikinta tana aiki sosai. Sai kuma ta ƙasa, mai araha, wadda wani lokaci a cikin leda mai tambarin Toyota ma za a miƙo maka ita, domin buga leda da kwali ba wuya ba ne. Wannan ta ƙarshen ita ce na fi jin haushinta fiye da yankan taya, saboda shi yankan taya ka san abin da ka saya, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ita kuwa wannan ka biya kuɗin sabuwa, ka biya kuɗin aiki, damina ɗaya ta zauna ta fashe. Yadda Baba ya koya min dubawa, ka danna farcenka a jikinta, mai kyau za ta lotsa ta dawo nan take ba shaida, marar kyau ko dai ta yi tauri kamar robar bokiti ko shaidar farcen ta tsaya. Ka goga ta a tafin hannu, in ta bar maka baƙi kamar gawayi a bar ta. Ka duba bakin inda aka zubo ta, mai kyau sumul take, jabu za ka ga gemu-gemun roba da ƙananan ramuka. Ka ɗaga bututun ƙarfen ka ji nauyinsa ka gwada da tsohon naka, na jabu siriri ne kamar gwangwani. Kuma ka tafi da tsohuwar a leda, ta sama da ta ƙasa, ta gaba da ta baya, don ba girmansu ɗaya ba, kar ka tsaya a waya kana cewa a ba ka ta Hilux kawai, Hilux iri nawa ce.

Na huɗu ita ce mai tauri, wadda ake kira foliyuretan, yawanci ja ce ko ruwan ɗorawa ko shuɗiya, wasu baƙa. Kamfanoni irin Energy Suspension na Amurka da SuperPro na Ostareliya suna yin ta, matasa masu sayayya ta intanet sun fara kawo ta kuma in ka ji suna yabonta sai ka ce ba ta da aibi. Abin da yake gaskiya a kanta, mai ba ya cin ta yadda yake cin roba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu tunda da wuya ka ga tsohuwar a-kori-kura da ba ta ɗigar da baƙin mai ko man sitiyari a kan robobin gaba, ita roba in ta sha mai kumbura take ta yi laushi ta ruɓe. Ba ta saurin zama, ba ta tsagewa da zafi da sauri, kan mota yana tsayawa cak a kan shasi ba ya rangaji a kwana. Amma taurin nan da ake yabo shi ne matsalarta a hanyarmu. Wani abokin sana'ata da yake jigilar Dawanau ya saka a tasa, na shiga mun tafi tare, a kan kwalta wallahi daɗi, motar a ɗaure tamau, muna sauka burji na fara jin kowace tsakuwa a gadon bayana, dashbod na kaɗawa, madubi na rawa, in kuma dizal ce motar to ko a tsaye take kana jin injin a kujera. Girgizar da roba za ta shanye ba ɓacewa take ba, wucewa take ta shiga bodi, kuma bodin da ya shekara ashirin yana shan rana da ruwa daɓensa ya riga ya yi siriri, shi ne zai karɓi dukan. Wasu kuma in ƙura ta shiga suna fara kuka ƙiiƙii sai an shafa musu irin giris ɗinsu na silikon. Ni a ganina wanda motarsa sabuwa-sabuwa ce, bodinta lafiya lau, mafi yawan tafiyarsa kwalta ce Kano zuwa Dutse ko Kano zuwa Haɗeja, ko kuma motar tana zubar da man da ya kasa tsayarwa, to mai tauri za ta yi masa. Wanda kullum yana cikin yashi da gargada da tsohuwar mota, ban ba shi shawara ba.

Ni abin da na ƙare a kai, sabuwar roba mai tsaka-tsakin kuɗi daga wajen mai shagon da na daɗe ina hulɗa da shi, wanda in ta ba da matsala zan iya komawa in same shi, na kuma sayi ƙusoshi biyu 'yan Beljiyam saboda nawa sun cinye. Da aljihu ya kai da ta kamfani zan saka, ban ɓoye ba, musamman guda biyun da suke ƙarƙashin ƙafar direba da ta fasinja tunda su ne suke ɗaukar mafi yawan nauyi. In ma kuɗinka ya tsaya a tsakiya, dabara ce mai kyau ka saka ta kamfani a waɗannan biyun, sauran ka saka mai tsaka-tsaki, sharaɗi dai kowace ta dama ta zama iri ɗaya da 'yar uwarta ta hagu.

Wannan ya kawo ni kan tambayar da kowa yake yi, a canza duka ko wadda ta mutu kawai. Na san halin da ake ciki, ba kowa ne zai iya sayen saiti guda a lokaci ɗaya ba. Amma ka duba, sabuwa ta fi tsohuwa tsayi, in ka saka guda ɗaya a kusurwa ɗaya ka ɗaga wannan kusurwar ka bar sauran a zaune, kan mota ya karkace, ƙofar da take rufuwa da ma ta daina, kuma sabuwar ita kaɗai za ta ɗauki nauyin da ya kamata a raba, ta mutu da wuri, gyaran gangar Auzinawa kenan. Mafi ƙaranci a canza biyu-biyu, dama da hagu. Haɗa mai tauri da roba a mota ɗaya kuwa kar ma a fara. Kuma ka tuna wahalar aikin ɗaya ce, ɗaga kan mota don guda biyu da ɗaga shi don guda shida duk jak ɗin ɗaya ne, kuɗin aikin ma ba wani bambanci mai yawa, in za ka iya daurewa ka tara ka yi gaba ɗaya bayan an sayar da amfanin gona ya fi maka sauƙi.

Sai batun wa zai yi aikin, kuma wallahi wannan ya kai zaɓin robar muhimmanci ko ya fi. Aikin ba na kwamfuta ba ne, bakaniken ƙauye mai hankali zai yi shi tsaf, kai ma in kana da jak mai kyau da sifanu da mai taimaka maka za ka iya, abin da yake kai mutum birni shi ne in an tarar da tsatsa ta cinye kunnen shasin da robar take zama a kai. Motocin da suke ɗaukar taki sun fi fama da wannan, yuriya da NPK suna cin ƙarfe in suka haɗu da laima, ga taɓon fadama da yake maƙalewa a kunnen shasi ya riƙe ruwa wata da watanni. In ramin ya faɗaɗa ko kunnen ya yi siriri, ko robar zinare ka saka faɗawa za ta yi, sai mai walda ya yanko farantin ƙarfe mai kauri ya liƙa ya huda daidai girman asali. A wajen waldar nan a cire kan batir, a ɗage kafet ɗin ciki, a kauce wa bututun mai, a ajiye bokitin ruwa ko yashi a kusa, domin kafet da soson da ke ƙarƙashinsa suna kama wuta daga zafin ƙarfe kawai ba sai tartsatsi ya taɓa su ba.

Yadda muka yi tawa, kwana biyu kafin ranar aiki Baba ya sa yaronsa ya bi notinan duka ya kankare taɓo da burushin waya ya fesa WD-40, man feshin nan mai sassauta tsatsa, wasu kananzir suke zubawa shi ma yana taimakawa, washegari aka sake. Wannan kwana biyun shi ne ya hana mu karya ƙusa, domin ƙusar bodi in ta karye a ciki, ko notin da yake liƙe a cikin bodi a wasu motocin ya ɓalle ya fara juyawa tare da ƙusa, aikin awa uku ya zama na kwana biyu. Ranar aiki aka ajiye mota a daɓe mai tauri ba yashi ba, aka sa duwatsu a tayoyi, aka cire batir. Aka sassauta notinan duka, dama da hagu, amma gefe ɗaya kawai aka cire gaba ɗaya, ɗaya gefen aka bar ƙusoshin a ciki don kar kan motar ya goce daga mazauninsa. A tawa kan ƙusar a cikin mota yake ƙarƙashin kafet, sai mutum ɗaya ya riƙe daga sama ɗaya yana kwancewa daga ƙasa. Sannan aka sa jak da faffaɗan katako mai kauri a ƙarƙashin wajen da bodin yake da ƙarfi, ba tsakiyar daɓe ba, daɓe lotsawa zai yi, aka ɗaga a hankali, ɗan kaɗan, iya yadda tsohuwar za ta fita sabuwa ta shiga, kamar faɗin yatsu biyu zuwa uku. Baba na tsugune yana kallon bututun birki da sandar sitiyari da wayoyi da fanka, yana ce wa yaron ya isa, ƙara kaɗan, tsaya. Kafin kowa ya sa hannu sai da ya cusa guntun katako tsakanin shasi da bodi. Yaron ya kai hannu zai zaro robar kafin a sa katakon, Baba ya buge hannun ya ce kai, jak ba ya rantsuwa, in ya sauka yatsunka ne a wajen. Don Allah duk wanda zai yi aikin nan ya riƙe wannan, kan mota nauyi ne da shi, kuma jak ɗin kwalba da muke yawo da shi yana iya sulalewa ko ya goce ba sallama.

Da aka gama gefe ɗaya aka sauke, aka mayar da ƙusoshi da hannu kawai ba a ɗaure ba, aka koma ɗaya gefen. Sai da duka suka shiga, aka buɗe ƙofofi aka rufe aka ga sun zauna, aka tsaya daga nesa aka duba layin kan mota da bodin baya da ratar da ke tsakaninsu dama da hagu, aka juya fanka da hannu aka ga ba ta taɓa komai, aka murza sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, sannan aka bi aka ɗaure. Wajen ɗaurin ma akwai kuskuren da ake yawan yi, a sa dogon bututu a sifana a hau da ƙafa wai don kar ya kwance, ba haka ba ne, ƙusa tana da iyakar ƙarfin da kamfani ya rubuta, wanda yake da sifanar awo ya bi wannan, wanda ba shi da ita ya ɗaure har ya ji washa ta zauna a kan bututun tsakiya ya ɗan ƙara ya tsaya. Kuma kar a shafa wa sabuwar roba baƙin mai ko giris don ta shige, ruwan sabulu ya isa, giris a bar wa zaren ƙusa don wanda zai kwance nan gaba.

Tunda an riga an shiga ƙarƙashin motar, a duba ƙusoshin bodin baya su ma, da injin sit wato robar da inji yake zama a kai, da robar da take riƙe da giya, domin ƙararsu tana kama da juna kuma sau da yawa tare suke tsufa. In akwai inda mai yake ɗiga a kan robar gaba a toshe shi yanzu, in ba haka ba ko wacce ka saya shekararta ba za ta cika ba. Bayan damina kuma a sa ruwa a wanke taɓon da ke kunnuwan shasi.

Bayan sati biyu, na je Gujungu sau biyu na je Wudil sau ɗaya da lodi, Baba ya aiko a ce min in kawo motar. Sabuwar roba tana ɗan zama a kwanakin farko, ya bi notinan da sifana ɗaya bayan ɗaya, huɗu suna nan daram, biyun baya kowanne ya karɓi kusan rabin juyi.